Ranar da Ja Ya Koma Kore

A ofis Injiniya suke ce mata, a gida kuwa Auta. Shekararta huɗu tana aiki a wani kamfani mai hawa uku da ke bayan tashar motocin kaya, aikin da har yau Mama ba ta gane kansa ba. In baƙi suka tambaya, sai Mama ta ce, "Gadin littafi take yi a cikin kwamfuta." Auta ba ta taɓa gyara mata ba, domin in aka bi maganar a hankali gaskiya ce.

Littafin na magunguna ne. Duk kwalin da ya fito daga masana'anta ko ya sauka daga jirgi sai an rubuta shi a ciki: wanda ya kawo shi, inda ya kwana, da sakamakon gwajin da aka yi masa. In shafi ya cika sai a kulle shi, a maƙala shi da wanda ya gabace shi, ta yadda in mutum ya taɓa harafi ɗaya a tsohon shafi, duk na bayansa za su tona shi. Masana na ce wa irin wannan littafi bulokcen, su kuwa 'yan ofis sarƙa kawai suke cewa. Kuma ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Na'urori da yawa ne ke riƙe da kwafinsa a wurare daban-daban, ba a kuma kulle shafi sai mafi yawansu sun amince.

Babban yayanta yana cikin masu gwajin magungunan. Mutum ne mai sanyin magana da tsantseni, wanda ko sukari zai zuba a shayi sai ka ga kamar yana neman sikeli. Ranar wata Laraba da rana tsaka ya kira ta, ya ce ta sauko yana wajen ajiye motoci. Ta tarar da shi a cikin motarsa, gilasai a rufe duk da zafin da ake yi.

"Shigo ki ja ƙofar," ya ce.

"Lafiya, Yaya? Ko Mama ce?"

"Mama ƙalau take. Karanta wannan."

Takarda ce ɗaya cike da lambobi, an ja layi a ƙarƙashin guda. Ta ɗago ta dube shi.

"Maganin zazzaɓin yara ne, na ruwa," ya ce. "Akwai wani sinadari a ciki da bai kamata ya shiga bakin ɗan Adam ba. Cokali uku a rana, kwana huɗu ko biyar, ƙodar yaro ta tsaya."

"Ka tabbata?"

"Sau uku na gwada. Na ukun ma a na'urar ɗakin da ke kusa da namu na yi, ko tawa ce ta haukace."

"Kayan wa ne?"

Ya nuna tashar da haɓarsa. Rabin manyan motocin da ke jere a wurin fenti ɗaya ne da su, shuɗi da fari, na mutumin da kowa ke kira Babban Dila.

"Yara uku gare ni, Auta. Kin san abin da ya sami wanda ya riƙe kujerar nan kafin ni."

Ta sani. Rahoto ɗaya mutumin ya rubuta a takarda, tun kafin a kawo sarƙa. Takardar ta yi ɓatan dabo, shi kuma aka lanƙaya masa laifin da bai ji ba bai gani ba.

"Waccan takarda ce, Yaya," ta ce. "Wannan in ya shiga ya shiga ke nan, babu mai iya goge shi, ko ni. Kuma ba sunanka zai fito ba. Makullinka na sirri ne zai sa hannu, abin da mutane za su gani wata doguwar lamba ce kawai. Ku fiye da ɗari ne masu gwaji. Wa zai san kai ne?"

Ya juyo ya dube ta. "Kin tabbata?"

"Da hannuna na gina shi."

Washegari da ƙarfe sha ɗaya saura ya shigar da sakamakon. Tana zaune a teburinta ta ga layin ya fito ja, ta ga shafin ya kulle. Kafin a tashi daga aiki an tsayar da motoci huɗu masu ɗauke da maganin a bakin gari. Ta tura masa saƙo, "Ka gani ko?" Ya amso da kalma ɗaya, "To."

Ranar Litinin da safe ko jakarta ba ta ajiye ba Dogo ya yafito ta. Dogo abokin aikinta ne, kuma duk ginin babu wanda ya kai shi gajarta, kujerarsa ma sai da aka sa mata matashi biyu. Kullum da zolaya yake tarbar ta, amma ranar fuskarsa babu wasa.

"Injiniya, zo ki duba mini, ko idona ne ya fara tsufa."

Ta sunkuya kan allonsa. Maganin nan ne, lambar kwalayen ita ce, ranar ma ita ce. Amma layin kore ne shar, wata lamba ce daban ta sa hannu, kuma babu ko alamar cewa an taɓa rubuta ja a wurin. Ta bi shafukan da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya tana neman inda sarƙar ta tsinke. Ba ta tsinke ba. Kowane shafi ya kama ɗan'uwansa daram, kamar haka aka haife su.

"Ba gogewa aka yi ba," in ji Dogo a hankali. "Sake rubuta littafin aka yi tun daga ranar Alhamis, kuma masu rinjaye suka ce sun amince."

Nan take ta gane ta inda ɓarakar ta shigo.

Da aka fara aikin, na'urori ashirin da ɗaya ne ke da ƙuri'a, a asibitoci da jami'o'i da ƙungiyoyin masu haɗa magani. Lokacin kwalayen ba su da yawa, komai na tafiya sumul. Da aka ce kowane kantin magani ya shigo, sai layi ya toshe. Kwali ɗaya kan yi minti arba'in yana jiran na'urori ashirin da ɗaya su gama shawara, wasunsu tsofaffi, wasu kuma wuta na ɗauke musu. Direbobi suka riƙa kwana a bakin sito, magungunan da ke son sanyi suka riƙa lalacewa a cikin mota. Manaja ya tara su ya ce ko su nemo mafita ko a rufe aikin. Ita ce ta miƙe a taron, wata biyar da suka wuce, ta ce a rage masu ƙuri'a zuwa bakwai, a ɗauko hayar na'urori masu sauri daga kamfanoni bakwai daban-daban. Minti arba'in ya koma daƙiƙa uku. Har tafi aka yi mata.

Ta koma teburinta ta ciro ƙaramar kwamfutarta daga jaka. Ita ma tana ɗauke da kwafin littafin don aikin gyara, kuma tun yammacin Juma'a take a kashe. In ta kunna ta a cikin ofis, za ta kama intanet da kanta, ta tambayi sauran na'urori labari, ta yarda da abin da masu rinjaye suka ce, ta shafe nata. Sai ta rungume ta ta sauka ƙasa, ta wuce ɗakin janareta da ke ƙarshen gini inda ko waya ba ta kamawa. A can, cikin warin man dizal, ta kunna ta, ta kashe mata hanyar sadarwa, ta buɗe shafin Alhamis. Jan layin na nan.

Da ta dawo, Dogo ya riga ya zaro takardun yarjejeniyar hayar. Kamfanoni bakwai, sunaye bakwai, tambari bakwai. Ya ware huɗu ya jera su a gabanta, ya ɗora yatsa a ƙasan kowacce. Adireshinsu ɗaya.

"Wa ya tantance su?" ta tambaya.

"Ofishin Manaja. Mu saurinsu kawai aka ce mu gwada."

Lokacin cin abincin rana suka shiga motarta suka nufi adireshin. Can bayan unguwar masana'antu ne, inda kwalta ta ƙare. Wani dogon gini ne marar taga, marar allon suna, an kewaye shi da katanga mai waya a sama. Manyan na'urorin sanyaya ɗaki sun jeru a jikin bangonsa suna gurnani ba ƙaƙƙautawa. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa suka hango motoci biyu a harabar, shuɗi da fari. Ba su fi minti ɗaya a tsaye ba wani mai gadi ya fito daga rumfarsa. Bai tambaye su komai ba. Ya zagaya bayan motar, ya ciro biro, ya rubuta lambarta a tafin hannunsa, ya koma ya zauna.

"Ja mu tafi," in ji Dogo. "Ni dai tsawona bai kai na wannan rigimar ba." Ya yi nufin raha, amma babu wanda ya yi dariya.

Suna komawa ta haye hawa na uku. Manaja na zaune yana ɓare lemo da ƙaramar wuƙa, ya tarbe ta da fara'a kamar kullum. Ta zayyana masa komai, in ban da zancen kwamfutarta. Ya saurara har ta gama, bai katse ta ba.

"Injiniya, me sarƙa ta ce yanzu?"

"Kore, yallaɓai. Amma..."

"Ba ke kika koya mana cewa abin da masu rinjaye suka amince da shi shi ne gaskiya ba? Ni abin da na sani, wani ya shigar da sakamakon ƙarya don ya ɓata sunan ɗan kasuwa, na'urori kuma suka gyara. Tsarin ya yi aikinsa."

"Huɗu daga cikin bakwai a ɗaki ɗaya suke, yallaɓai."

"Wa ya kawo shawarar bakwai ɗin?" Ya ɗora ɓawon lemon a kan faranti. "Sa hannunki na kan takardar. In aka ce za a tona, daga kanki za a fara, ni kuma ba na son haka. Ke yarinya ce mai hazaƙa." Har ta kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Af, ya jikin 'yar yayanki? Wadda ake kaiwa asibiti duk Talata. Allah ya ƙara sauƙi."

Ba ta taɓa gaya wa kowa a ofis cewa 'yar Yaya na da ciwo ba. Ko cewa yayanta mai gwaji ne, Dogo kaɗai ya sani.

Ta sauko ta koma teburinta. Ta zauna ta yi abin da ba ta taɓa tunanin yi ba, ta ɗauki doguwar lambar Yaya ta nemi duk inda ta taɓa sa hannu. An cire jan layin, amma waɗanda suka cire shi sun ga lambar, kuma tarihinta na shekara uku na nan a buɗe ga duk mai son dubawa. Sakamako dubbai, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Mai lambar ba ya fara aiki sai takwas da rabi, bayan ya sauke yara a makaranta. Bai taɓa sa hannu da safiyar Talata ba. A shekarar bara kuma akwai kwana goma sha ɗaya a jere da bai taɓa komai ba, kwanakin rasuwar Baba. Duk wanda ya ɗora wannan a kan rajistar ma'aikatan ɗakin gwaji, minti goma sun ishe shi. Babu suna a ciki, amma rayuwar Yaya ce a shimfiɗe, kuma ita kanta ba ta da ikon cire ko layi ɗaya.

Ta kira shi sau biyar bai ɗauka ba. Ta ɗauki jaka ta fita ba tare da ta nemi izini ba.

A gida ta same shi da la'asar, zaune a falo da rigar aiki, takalma a ƙafa. Anti, matarsa, ce ta buɗe mata ƙofa, ta mayar da sakata biyu a bayanta, ko gaisuwar kirki ba ta amsa ba.

"Sun karɓe makullina na sirri," ya ce. "Sun ce in zauna a gida har a gama bincike. Kwalaben da na gwada kuma an kwashe su daga firji tun ranar Asabar, wai an kai su ajiya."

"Yaya, ni ce. Ni na ce maka..."

"Zauna, Auta."

"Gaya mata na makaranta," in ji Anti daga bakin kicin. "Gaya mata wani ya je ya tambayi mai gadi ƙarfe nawa ake tashin 'yan aji uku. Ke kika ce ba wanda zai sani. Ke kika ce da hannunki kika gina."

"Ya isa," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya juyo ga ƙanwarsa. "Ko da kin ce mini za a sani, ina jin da na rubuta. Wataƙila dai da na fara kwashe yaran. Yanzu abu ɗaya nake so ki gaya mini, kuma kar ki lallashe ni. Motocin nan huɗu, suna ina?"

"An sake su da safe."

Ya rufe ido. Da zagin ta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta leƙa ta labule. A ɗaya gefen titi wata farar mota na tsaye a ƙarƙashin bishiya, injinta na aiki, ba wanda ya fito.

A teburin cin abincinsu ta buɗe kwamfutar, Yaya na gefe yana faɗa mata sunayen sinadaran. Ta kwafe tsohon shafin da duk hujjar da ke nuna cewa sahihi ne, ta haɗa da takardarsa da adireshin ginin nan marar taga. Da wayar Anti ta aika wa cibiyoyi goma sha huɗun da aka karɓe wa ƙuri'a wata biyar baya. Ta rubuta sunanta a ƙasa, ta kuma rubuta cewa ita ce ta kawo shawarar da ta jawo wannan.

Tara ba su amsa ba har yau. Biyu suka ce za su duba. Asibitoci biyu suka kwashe maganin daga kantocinsu a ranar. Wata malamar jami'a kuwa ta aiki direbanta ya sayo kwalba uku a kasuwa, ta gwada da kanta, ta kira Auta bayan kwana biyu ta ce, "Yayanki bai yi kuskure ba."

Bayan mako biyu kamfanin Babban Dila ya fitar da 'yar sanarwa cewa yana janye wani rukuni na maganin saboda kuskuren rubutu a jikin kwali. Ba a ambaci guba ba. Kwalba nawa aka riga aka sayar a cikin makonnin nan biyu, yara nawa suka sha, babu wanda ya faɗa, kuma a littafin har gobe layin kore ne. Yaya bai koma aiki ba, takardar sallama aka aiko masa. Ya kwashe iyalinsa zuwa garin su Anti, Mama kuma aka ce mata canjin wurin aiki ya samu. Ita Auta ba a ma rubuta mata komai ba. Ta je wata safiya ta kara katinta a ƙofa, ƙofar ta ƙi buɗewa, mai gadin da suka shekara huɗu suna gaisawa ya kawar da kai.

Sai bayan wata biyu Dogo ya neme ta. Ya ce su haɗu a wani ɗan shagon gyaran waya da ke cikin kasuwa, da hantsi, lokacin da cunkoso ya fi yawa. Ta same shi a kan benci ya rame, wayarsa a hannun mai gyara an cire mata batir, alhali lafiyarta ƙalau.

"An ba ni wani aiki," ya ce, idonsa na kan masu wucewa. "Abin da aka yi wa Yaya, an ce in yi wa kowa. Kowace lamba da sunan mai ita. Wai don inganta tsaro."

"Ka yi?"

"Na ce zai ɗauki wata uku. Suka ce ba komai, sun riga sun ba wani, ni tabbatarwa kawai zan yi. Na ga jerin, Injiniya. Mutum ɗari da goma sha biyu, da unguwanninsu. An sa alama a gaban duk wanda ya taɓa rubuta ja."

Ta matso kusa da shi. "Su masu gwajin sun sani?"

"An tabbatar sun sani. Ba a kira kowa ba, ba a yi wa kowa barazana ba. Kwafin jerin kawai aka manta a kan injin ɗab'i na ɗakin gwaji, ya wuni a wurin." Ya share zufa da bayan hannu. "Kin san a da duk mako sai mun ga ja uku ko huɗu. Tun ranar da aka manta takardar nan, mako shida ke nan, ko ɗaya bai fito ba. Yanzu ba sai sun sake rubuta komai ba."

"Malamar jami'ar nan tana son ganin wani daga ciki," ta ce. "Tana ƙoƙarin haɗa tsofaffin cibiyoyin su kafa nasu littafin. Zuwa yanzu uku ne suka yarda."

"Uku," ya maimaita. Ya karɓi wayarsa da batirin, ya zuba su a aljihu daban-daban. "Ba ni lambarta a takarda. Ban ce zan kira ba."

Ta rubuta masa a bayan wata tsohuwar takardar shagon. Ya ninke ta ƙanana ya tura cikin safa, ya ce ta bari ya yi minti goma da tafiya kafin ta fito, kuma kar ta bi ta ƙofar da ta shigo.